Kafson B17 na ciwon daji: kwalbar ba ta yi alkawarin komai ba, mai sayarwa ne ya yi

Sharhina a kan kaya biyu ne da ake haɗawa a sayar wa masu ciwon daji ta intanet: kafson amigdalin da ake kira bitamin B17, da ƙunshin ƙwaya mai ɗaci ta cikin ƙwallon wani ɗan itace da ake kira afirkot. Kada ku saya. Ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa. In kuma yanzu haka akwai shi a ɗakin majinyacinku, ku ɗauke shi ku kai wa likitan da ke duba shi ya gani da idonsa. Ba ya warkar da ciwon daji, kuma in ya shiga hanji gubar sayanayid yake saki. Abin da ya fi damuna ma ba kwalbar ba ce, yadda ta iso hannunmu ne, alhali hukumomin ƙasashe da yawa sun daɗe da sanin abin da ke cikinta.

Ni ce mai jinyar gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda aka samu da sankarar mama. Jakar magungunanta a hannuna take, ni nake rubuta lokacin shan kowanne, ni nake raka ta ɗurin kemo, wato maganin ciwon daji da ake ɗura mata a asibiti. Babban ɗanta ne ya yi odar kayan nan daga can inda yake aiki, bayan ya kalli wani bidiyo, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Mutum yana nesa, ana gaya masa a waya cewa uwarsa tana amai, gashinta yana zuba, sai ga wani ya ce akwai maganin da ba ya wahalarwa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Kwalbar ta roba ce fara, murfinta a liƙe, da hoton 'ya'yan itace a gaba. An rubuta B17 da manyan baƙaƙe, ƙarƙashinsa amigdalin miligiram 500. Na juya ta ta kowane gefe ina neman inda aka ambaci ciwon daji, babu. Babu cikakken adireshin masana'anta, babu takardar da ake naɗewa a cikin kwalin magani mai bayanin illoli da waɗanda bai kamata su sha ba. Abin da ke bayanta layi biyu ne da Turanci, da rubutu ƙanƙane da sai na kai shi bakin taga na iya karantawa: wai hukuma ba ta tantance bayanan kayan ba, kuma ba a yi shi don gano wata cuta, ko jinyarta, ko warkar da ita, ko kare mutum daga ita ba. Ƙunshin ƙwayar kuwa leda ce kawai mai zif, cike da ƙananan ƙwayoyi ruwan ƙasa, ba gargaɗi ko ɗaya a jiki.

Layin nan biyu suna da asali. A 1994 Amurka ta yi dokar da ta ware kayan ƙarin gina jiki daga magunguna. Magani sai kamfani ya kai hujjar cewa yana aiki kuma ba ya cutarwa fiye da amfaninsa kafin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ta bari ya shiga kasuwa. Kayan ƙarin gina jiki ba ya bin wannan layi, muddin bai yi iƙirarin warkar da cuta ba, kuma in ya faɗi wani amfani ga jiki sai ya liƙa wannan gargaɗi. Masu irin wannan sana'a a ko'ina sun haddace darasin. Kwalba ta zama tsarkakakkiya, ba ta ce komai ba. Alkawarin yana wani wuri.

Ga inda yake. Ɗan nata, wato yayanmu, ya turo mini lambar mai sayarwar don in riƙa tambayarsa yadda ake sha, da saƙonnin da suka yi ta yi. In ana maganar kula da mai saye, ban taɓa ganin mai saurin amsawa kamarsa ba. Dare ko rana yana kan waya. Yana kiran gwaggo Mama, yana yi mata addu'a, yana tambayar yadda ta kwana. Amma duk wata magana mai nauyi da murya yake aiko ta. A cikin saƙonnin muryar ne ya ce ciwon daji rashin B17 ne a jiki, kemo guba ce da ke kashe mutum kafin ciwon, shi kuwa wannan yana bin ƙwayoyin ciwon ne kaɗai ya bar masu lafiya. Ya ce a haɗa kafso da ƙwayar, a riƙa ƙara yawanta sannu a hankali, a sha tare da bitamin C mai yawa. Ya ce in ta ji ciwon kai ko jiri kada a tsorata, alamar yana aiki ce. Sannan ya ce kada a gaya wa likita, don likitoci ba sa son abin da zai rage musu ciniki. Na ce masa, Malam, don Allah rubuto mini wannan duka in ajiye. Ya rubuto mini addu'a da yawan da za a sha, sauran bai rubuta ba.

Kafin maganar ta zo gare ni, ashe gwaggo ta riga ta fara sha a ɓoye, don ɗanta ya roƙe ta. Abin da na gani shi ne ciwon kai mai naci, jiri in ta miƙe, tashin zuciya a ranakun da a da takan samu sauƙi tsakanin ɗuri da ɗuri, da wata kasala a ƙafafu. Duk wanda ya yi jinyar mai shan kemo ya san dalilin da ya sa wannan ke da haɗari: alamomin sun yi kama da na kemon kansa, kowa sai ya ɗora masa laifi. Da nake gyara mata shimfiɗa na ga ledar a ƙarƙashin matashi, ta ragu sosai. Na ce, “Gwaggo, wannan fa?” Ta ce, “'Yar nan, yayanki ne ya aiko. Ɗaci gare shi kamar me, amma in ban ci ba zai ga kamar na raina ƙoƙarinsa.”

Likitan da ke duba ta bai ɗaga murya ba. Ya karɓi kwalbar ya karanta gaba da baya, ya tambayi nawa take sha, tun yaushe, da ko tana haɗawa da bitamin C. Da ta ce e, ya ajiye biro. Ya ce, “Mama, ba faɗa zan yi miki ba, kuma na gode da aka kawo. Amma daga yau an daina.” Aka ɗebi jini, aka riƙe ta ana lura da numfashinta da hawan jininta har suka gamsu. Bayan ta daina, ciwon kan da jirin suka lafa. Kumburin da ke jikinta kuwa bai san an sha wani abu ba.

Bayanin yadda abin ke aiki ba shi da wuya. Amigdalin sinadari ne da ke cikin ƙwayar afirkot da almon mai ɗaci da wasu danginsu. Wasu masana biyu 'yan Faransa, Robiquet da Boutron-Charlard, suka fara ware shi a 1830. In aka haɗiye shi, akwai wani sinadari a cikin ƙwayar kanta da kuma a ƙwayoyin bakteriya na hanji da ke farfasa shi, sai sayanayid ta fito. Ita kuma sayanayid tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar da jini ya kawo musu, shi ya sa kai da zuciya suke fara jin jiki. Ba ta tambayar wace ƙwaya ce ta ciwo, wace ce mai lafiya. Maganar cewa ƙwayoyin ciwon daji suna da wani sinadari na musamman da ke sa gubar ta fashe a cikinsu su kaɗai an auna ta, ba a same ta haka ba. Shansa ta baki ya fi allurarsa haɗari saboda aikin hanjin nan, kuma Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa ta Amurka ta lissafa yawan bitamin C da cin ɗanyar ƙwayar cikin abubuwan da ke ƙara tsananin gubar. Wato haɗin da mai sayarwa ya ba mu shi ne daidai wanda aka yi gargaɗi a kansa. Kuma ba bitamin ba ne. Babu wata cuta da ke kama mutum don bai ci shi ba. Ernst Krebs ƙarami, wanda ya tallata shi da sunan Laetrile tun shekarun 1950, kuma shi kansa ba likita ba ne, shi ya laƙaba masa sunan bitamin daga baya, abin da ya sauƙaƙa sayar da shi a matsayin abinci maimakon magani.

Mai sayarwar ya yi ta nanata cewa ba a taɓa ba maganin dama ba, an danne shi ne kawai. An ba shi dama, kuma babba. A shekarun 1970 magoya bayansa a Amurka suka yi ƙarfi har jihohi fiye da 20 suka halatta shi a cikin iyakokinsu. Matsin ya sa Cibiyar Ciwon Daji ta ɗauki nauyin gwaji a kan mutane, ƙarƙashin Dakta Charles Moertel na asibitin Mayo, tare da wasu manyan cibiyoyi uku. Majinyata 178 aka ba, kuma ba amigdalin kaɗai ba, har da tsarin abinci da bitamin da sauran abubuwan da masu tallarsa suke cewa sai da su yake aiki. Sakamakon ya fito a 1982. Babu wanda ya warke. Ba a ga ya tsayar da ciwon ba, bai rage raɗaɗi ba, bai ƙara kwana ba. Mutum ɗaya ne kumburinsa ya ɗan ragu na wasu makonni sannan ya dawo. Cikin wata bakwai ciwon ya ci gaba a jikin dukkansu, wasu kuma an sami sayanayid a jininsu har ta kusa matakin da ke kisa. Da masu bitar bincike na Cochrane suka sake tattara abin da ke akwai, a bitarsu ta 2015, ba su sami wata ingantacciyar hujja ta amfani ba, sun dai sami hujjar guba.

Akwai tambayar da yayan namu ya yi mini a waya cikin ɓacin rai, kuma ba tambayar banza ba ce: in mutum ciwonsa ya yi nisa, ina ruwan gwamnati da abin da ya zaɓa ya sha? Wannan tambayar ta je har Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Rutherford, inda wasu majinyata da aka ce ba za su tashi ba suka nemi a bar su su samu Laetrile. A 1979 alƙalan baki ɗaya suka ƙi, Mai Shari'a Thurgood Marshall ne ya rubuta hukuncin. Hujjarsu ita ce dokar da ta ce magani ya zama mai aiki kuma mara cutarwa ba ta cire mai ciwon ajali ba: shi ma ana iya cutar da shi, ana iya gajarta masa sauran kwanakinsa, kuma sau da yawa ba a sanin wane ne ba zai tashi ba sai bayan abin ya faru. Ni a wajena wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan maganar. Gwaggona ba a cire rai da ita ba, jinyarta tana tafiya. Amma mai sayarwa ya yi mata magana kamar wadda ba ta da abin asara, ya nemi ya raba ta da abin da ke taimakonta. Kuma zaɓin da aka gina a kan ƙarya, an ce maka abu bitamin ne alhali guba ne, an ce ka ɓoye wa likitanka, ban ga inda ya zama zaɓinka ba.

Asarar da ta fi gubar girma ita ce barin jinya. Masu bincike a jami'ar Yale sun bi bayanan majinyata 281 da suka zaɓi maganin da ba na asibiti ba shi kaɗai, a ciwon da bai bazu ba, suka kwatanta su da 560 da suka yi jinyar asibiti. Haɗarin mutuwa ga rukunin farko ya ninka sau biyu da rabi. Ga masu sankarar mama ya haura ninki biyar. Da na karanta wannan sai na sake sauraron saƙon da mutumin nan yake cewa a dakatar da kemo na wata uku a ga ikon Allah, jikina ya yi sanyi.

Ba wai ina ƙin abin da ya fito daga itace ba ne. Maganin da ake ɗura wa gwaggo, faklitaksel, daga ɓawon wata bishiya ta arewa maso yammacin Amurka aka fara samo shi, an yi shekaru ana gwada shi kafin a amince da shi a 1992. Binkiristin, wanda ke cikin magungunan da suka sa yawancin yara masu sankarar jini suke warkewa yanzu, daga wani fure ɗan asalin Madagaska ya fito. Duka biyun suna da illa, kuma an rubuta illar, an auna yawan da jiki zai ɗauka, akwai mai lura da jinin majinyaci. Amigdalin ya bi ta ƙofar gwaji ɗaya da su, ya faɗi.

To me hukumomi suka yi? Sun yi da dama, kuma ya kamata a faɗa. FDA ba ta taɓa amincewa da Laetrile ba, kuma haramun ne a yi safararsa tsakanin jihohin Amurka a matsayin maganin ciwon daji. Wani mai suna Jason Vale, wanda ya yi ta sayar da ƙwayar afirkot ta intanet bayan kotu ta hana shi, an yanke masa ɗaurin wata 63 a 2004. Ostareliya da Nuzilan sun hana sayar da ɗanyar ƙwayar a ƙarshen 2015. A 2016 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce babban mutum in ya ci fiye da ƙananan ƙwayoyi uku a zama ɗaya yana iya wuce iyakar da ba ta cutarwa, ƙaramin yaro kuwa ko ɗaya ta isa. Shekara guda bayan haka Tarayyar ta kafa iyakar miligiram 20 na gubar a kowane kilo na ƙwayar da za a sayar wa jama'a. Ku auna wannan ukun da shawarar mai sayarwa ta a riƙa ƙarawa kullum. A 2017 FDA ta aika takardun gargaɗi ga kamfanoni 14 da ke tallar kaya sama da 65 da sunan maganin ciwon daji.

A cikin dokokin duka, wadda ta fi burge ni tsohuwa ce, Dokar Ciwon Daji ta Birtaniya ta 1939. Ita ba kwalba ta bi ba, talla ta bi: laifi ne ka tallata wa jama'a cewa za ka yi musu maganin ciwon daji. Waɗanda suka rubuta ta sun gane cewa ba a rasa sabon kaya. Yau ƙwayar afirkot, gobe baƙin man shafawa mai cinye fata da ake cewa yana zaro ciwon, jibi wani ruwa. Abin da ba ya canzawa shi ne alkawarin. Tarihi ma ya nuna hana kaya kaɗai ba ya kashe sana'ar: da aka rufe asibitocin Harry Hoxsey, wani mai sayar da haɗin ganyaye da sunan maganin ciwon daji, a Amurka, sai aikin ya tsallaka iyaka ya buɗe a Tijuwana ta Meziko a 1963, masu Laetrile ma can suka nufa. Yanzu ba a ma bukatar tsallaka iyaka. Kayan yana wata ƙasa, mai talla yana wata, bidiyon yana kan manhajar wata, majinyaciya tana kan gadonta, kuma kowace hukuma ikonta ya tsaya a bakin iyakarta.

Shi ya sa nake ganin duba kwalba a kanti bai isa ba. Ina so doka ta ɗauki saƙon murya da bidiyo a matsayin talla, daidai da allon kan titi. Ina so manhajojin da ke karɓar kuɗin talla su ɗauki alhakin abin da suke turawa gaban wanda ya rubuta sunan ciwonsa yana neman bayani. Ina so duk wanda ya ce wa mai ciwon daji ya bar jinyarsa ko ya ɓoye wa likita, don ya sayar masa da kaya, a hukunta shi a kan wannan maganar kanta, ko da abin da ke kwalbar ruwa ne zalla. Kuma dole in faɗi ɗaya gefen: mutumin nan ya samu shiga ne ta inda asibiti ya bar giɓi. Shi yana amsa waya da tsakar dare, mu kuwa in amai ya tsananta sai mu jira ranar ganin likita. Gwamnatin da ke son ta kori irinsa sai ta samar da layin da mai jinya zai kira, da maganin amai da na raɗaɗi da ba sa yankewa, da ma'aikacin da zai zauna ya yi bayani da harshen da majinyaci ke ji.

Batun mayar da kaya gajere ne. Na gaya wa mai sayarwar abin da ya faru da abin da likita ya ce, na nemi a karɓi sauran kwalaben da ba a buɗe ba. Ya ce ba a mayar da kayan da ya fita, kuma shi bai taɓa cewa magani yake sayarwa ba, in duba bayan kwalba. Daga nan ya toshe lambata.

Na kai ƙorafi ga hukumar kula da magunguna, na kuma kai rahoton shafin a manhajar da yake talla. Shafin ya ɓace, ba da daɗewa ba wani ya fito da sabon suna, hotuna iri ɗaya, murya iri ɗaya, shi ma na kai rahotonsa. Jami'ar da ta karɓi ƙorafina ta ce abin da ya fi yi musu amfani ba kwalbar ba ce, saƙonnin ne, don haka in kuna da irin wannan a hannu ku adana saƙonnin murya kafin a goge su, ku ɗauki hoton shafin da lambar waya da asusun da aka biya kuɗi a ciki da takardar da ta zo da kayan. In kuma majinyacinku ya riga ya sha, kuka ga ciwon kai mai tsanani, jiri, amai, ruɗewa, numfashi sama-sama ko leɓe ya canza launi, kada ku jira ranar ganin likita. Ku tafi sashen gaggawa da kwalbar da ledar a hannu, ku faɗa musu nawa ya sha da lokacin da ya sha na ƙarshe.